Zinarin da na saya da naira

Ni malamin lissafi ne a kolej, na haura arba'in, ina da mata da ƴaƴa huɗu, kuma ina buga wasan ƙwallo na cikin waya. Na faɗi haka tun da fari don mai dariya ya yi ya gama. Wasu dara suke yi, wasu karta, wasu su wuni a gindin butar shayi. Ni nawa ke nan, kuma tun ina yaro nake yin sa.

A Magariya na tashi. Bayan tasha akwai wani mutum mai rumfar kwano, da tele ɗaya, da na'urar wasa, da manet biyu, wato abin riƙewar nan mai maɓallai. Dala biyar wasa ɗaya. Wanda aka ci ya tashi, wanda ya ci ya zauna. Mutumin ba shi da fara'a ko kaɗan, kuma in kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke ana tsakiyar wasa ba ya mayar da kuɗi. Duk da haka ban taɓa riƙe shi a zuciya ba, don farashinsa a fili yake. Ɗan prefe mai mulkin gari da ɗan mai ga-ruwa ƙungiya iri ɗaya suke samu, wanda yatsunsa suka fi iyawa shi ke ci. Da na fara ɗaukar albashi na je Kano na sayo tawa na'urar ta hannu da faifai uku. Na biya sau ɗaya na zo da abina gida, na yi ta bugawa har tsufa ya kashe ta.

Wanda ya jefa ni cikin wasan waya taubashina ne, ɗan kawuna, da ke zaune a tsallaken iyaka yana sayar da wayoyi. Ya zo mana suna, ya tarar da ni ina ƙorafin ba ni da abin bugawa.

"Bawana," ya ce, don haka yake kirana irin na wasan taubasai, "har yanzu makokin tsohon akwatin nan kake? Miƙo wayarka."

Na ce, "Nawa ne?"

"Kyauta."

"Wane kamfani ne ke aikin kyauta?"

"Kai ka san lissafi, ni na san waya. Miƙo."

Kafin a gama rabon naman suna ya saka mini shi, ya buɗe mini kont, wato asusun wasa, da adireshina na imel. Tsarin wasan mai sauƙi ne. Za a ba ka ƙungiya ta ƴan wasa marasa ƙarfi, ka riƙa karawa da mutane na gaske ta rezo, wato layin sadarwar waya. Duk wasan da ka ci ka samu maki, da makin kake horar da ƴan wasanka ko ka ɗauko wasu. Akwai kuma wani abu da suke kira zinari, wanda da kuɗin gaske ake sayensa, amma a lokacin riguna da adon fili kawai yake saye. Wannan bai dame ni ba. Mai son ƙungiyarsa ta sa riga mai walƙiya ya biya, ni ƙwallo na zo bugawa.

Shekarar da ta biyo aka mayar da ni Mallawa. Can rezo sai a hankali. A cikin gidan da nake haya ko kira da ƙyar yake shiga, sai na gano cewa kusa da shato, tankin ruwan gari, yana kamawa sosai. Kullum bayan la'asar, in na gama gyaran takardun ɗalibai, sai in ɗauki tabarma in tafi can in buga wasa uku ko huɗu kafin magariba. A haka na gina ƙungiyata, maki kan maki, shekara uku. Na san ƴan wasana kamar yadda makiyayi ya san shanunsa. Na san wanda ke da gudu amma ba ya iya miƙa ƙwallo, na san mai tsaron gidana ba ya son ƙwallon ƙasa ta hagu. Akwai wani gajere a gaba da kowa ke watsarwa in ya same shi. Ni na riƙe shi, na zuba masa maki wata da watanni, har ya zama in ya juya da ƙwallo a bakin raga to an gama.

A gindin shaton nan na saba da wani ɗan kasuwa mai sayen riɗi da wake yana kai wa Najeriya. Bai fi shekara talatin ba, mutum mai raha, ana ce masa Alhaji ko da yake bai je Makka ba tukuna. Shi ma yana buga wasan, amma hannunsa bai faɗa ba. Sai in ci shi huɗu, biyar, ya yi dariya, ya kira ni Mushe yadda ake kiran malamin makaranta a nan, ya ce, "Mushe, wallahi gajeren nan naka aljani ne." Ni kuwa in nuna masa inda yake kuskure, don ba na jin daɗin cin wanda bai iya ba.

Ranar wata Laraba na buɗe wasan ya ce sai na sabunta shi. Sabuntawar ta cinye mini forfe, wato datar da na saya, na sati guda. Da ya buɗe sai na ga kamar an canza mini gida ina barci. Filin wasa ya koma can wani lungu, gaban allon duk akwatuna ne masu ƙyalli suna tsalle. Yanzu zinari ya daina sayen riga kawai. Da shi ake buɗe akwati, a cikin akwatin akwai ɗan wasa, amma ba ka san wane ne ba sai ka biya. Ƴan wasan akwati kuwa an yi su da ƙarfin da duk horon duniya ba zai kai nawa can ba. Sannan suka ƙaro gajiya. In ƴan wasanka suka buga wasa uku sai su gaji, ko ka jira awoyi, ko ka ba da zinari su warke nan take. Ni da nake da awa ɗaya da rabi tsakanin la'asar da magariba, an ce in jira.

Caca ce. Na faɗa wa Alhaji haka a ranar. A can ƙasan akwatin, da rubutu ƙanana kamar ƙwayar gero, sun rubuta damar samun babban ɗan wasa, kuma wannan shi ne darasin da nake koyar wa ƴan aji huɗu. Na ce masa, "Alhaji, mai karta uku a kasuwa ya fi mutanen nan imani. Shi aƙalla kana ganin fuskarsa, in ya cuce ka ka kama rigarsa."

Ya ce, "Mushe, ai ba dole suka yi wa kowa ba."

Bayan sati biyu ya zo yana murmushi, ya zauna a gefen tabarmata ya ce mu buga. Da ƙungiyarsa ta fito na ga sunayensu duk da ruwan zinari. Riɗi ya yi kuɗi a shekarar. Ya ci ni uku da nema. Kuskuren da yake yi shekara biyu yana nan bai gyara ko ɗaya ba, har yanzu yana danna maɓalli kamar mai kashe kiyashi. Amma ɗan bayansa sai ya bar wa gajerena tazara mai yawa, ya biyo shi a guje ya ƙwace. Ɗan gabansa ya buga daga tsakiyar fili ta shiga. Muka sake, ya sake ci.

"Mushe, yau aljanin bai karya ba ne?" ya ce.

Na yi dariyar da ba ta kai ciki ba, na naɗe tabarma tun ba a kira salla ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne abin da wayar ta yi bayan wasan. Ana busa tashi, kafin in ma ga sakamakon da kyau, sai ga wani allo ya faɗo: akwati na musamman, rabin kuɗi, saura minti goma sha biyar, da agogo yana ƙirgawa da jan rubutu. Na lura daga baya cewa ba ya fitowa in na ci. Sai an ci ni, sai zuciyata tana tafasa. Wato akwai wani mutum, mai ilimi, mai albashi, da aka zaunar a biro, wato ofis, aka ce ya gano daidai lokacin da ɗan Adam ya fi rauni, ya kafa tarkon a wurin. Na daɗe ina tunanin mutumin nan. Ban san ƙasarsa ba, ban san yarensa ba, amma har yau in na tuna shi ba addu'ar alheri nake yi masa ba.

Na yi wata biyu ina daurewa. Ina sauka daga mataki zuwa mataki, mutanen da ko miƙa ƙwallo ba su iya ba suna tattaka ni. Ranar da Alhaji ya ci ni biyar a gaban masu ɗibar ruwa, har wata tsohuwa ta tambaya ko lafiya Mushe yake huci, ranar na karaya.

Sayen ma wata wahala ce. Kamfanin katin banki yake karɓa, mu kuwa wa ke da shi? Sai da na jira Asabar na hau moto, wato babur, zuwa Magariya, wurin wani mai shago da ke da kati, yana saya wa mutane yana ɗora dala ashirin a kan kowace jaka, wato sefa dubu. Na ba shi jaka biyu da ladansa. Na buɗe akwati biyu a nan cikin shagon. Aka yi walƙiya, aka yi kiɗa, akwatin ya girgiza kamar zai haifi abin kirki. Na farko mai tsaron gida ne da bai kai nawa ba. Na biyu ma mai tsaron gida ne. Mai shagon ya leƙo ya ce, "Na uku ne ke fitowa, Mushe." Na ce masa haka ake gaya wa kowane ɗan caca, na fita.

A hanya na kira taubashina don in zage shi, tunda shi ya jawo mini. Ya saurara har na gama, sannan ya tambaye ni nawa na biya. Da na faɗa sai ya fashe da dariya.

"Bawana, an yanka ka. Mu nan in ka juya kuɗin zuwa sefa, ko rabin haka bai kai ba."

Na ce, "Wasa ɗaya, zinari ɗaya?"

"Kowace ƙasa da farashinta. Mu sun san naira ta faɗi, sun rage mana. Ku kuwa ina jin sun haɗa ku da masu kuɗin Turai."

Na tsaya da moto a gefen hanya don kada in faɗi. Daga inda nake zuwa shagonsa bai kai tafiyar awa ɗaya ba. Yarenmu ɗaya, kakarmu ɗaya, tuwon da yake ci shi nake ci. Amma wani ya duba taswira ya yanke cewa malamin kolej a Mallawa ya fi ɗan kasuwar Kano arziki, don haka ya biya ninki.

Taubashina ya ce in aiko masa da kuɗin da lambobin sirrin kont ɗina, ya shiga daga can ya saya mini. Na san ba daidai nake yi wa kaina ba. Ni da na kira abin caca a gaban mutane, ni ne na ba direban tasha jaka biyar a ambulan ya kai masa. Na gaya wa matata kuɗin gyaran moto ne, kuma wannan ƙaryar ta fi kuɗin yi mini ciwo.

Washegari da la'asar na tarar da zinari jibge. Na yi ta buɗe akwatuna, tarkace na fitowa, sai a na kusa da ƙarshe ga wani dogon ɗan gaba mai ruwan zinari. Na cire gajerena na ajiye shi a benci, na sa dogon. Da Alhaji ya zo na ci shi huɗu da ɗaya.

Ban ji daɗin da na zata ba. Dogon nan ba ya buƙatata. Ko ta ina na danna, ƙwallo raga take nufa. Akwai wadda na buga da kuskure, na san na yi kuskure, yatsana ya zame, amma ta shiga. Alhaji ya dube ni ya ce, "To Mushe, kai ma ka shigo kasuwa ke nan." Ba da mugunta ya faɗa ba, har hannu ya miƙo mini. Ni dai na ji kamar an kama ni ina satar amsa a jarrabawa.

Kwana tara na yi da dogon. A na goma na shimfiɗa tabarma, na buɗe wasan, sai wani farin allo ya fito da rubutun Ingilishi. Ingilishina na lakwal ne, ɗan abin da na koya a makaranta, amma na gane. An rufe kont ɗina har abada, saboda na karya sharuɗɗa, na sayi zinari da farashin ƙasar da ba tawa ba. Na kashe wayar na kunna. Na matsa kusa da shato, kamar rezo ne matsalar. Allon bai canza ba.

Na zauna a wurin ban san tsawon lokacin ba. Ba dogon nake tunani ba, shi ko oho. Shekara uku nake tunani, da gajeren da na bari a benci.

A daren ban iya cin tuwo ba, da safe matata ta tsare ni. Na gaya mata komai, har da zancen gyaran moto. Ta kalle ni ta ce, "Malam, yanzu mutanen da ke cikin wayar, naka ne ko nasu?"

Na ce, "Nawa ne mana, ni na tara su."

"To je ka ɗauko su."

Ta ci gaba da tankaɗenta. Ta yi sati tana tambayata lafiyar moto duk lokacin da zan fita.

Na rubuta wa kamfanin wasiƙa da Faransanci, irin wadda nake rubuta wa insipekta, da gaisuwa da komai. Na bayyana musu cewa iyakar da suke magana a kai, mu kullum muna tsallaka ta zuwa suna da jana'iza, har ƴan duwan, wato kwastan, sun san fuskokinmu. Na ce kuɗin da aka biya su kuɗi ne na halal, farashin kuma su suka sa shi, ba satar zinarin aka yi ba. Na ce in laifi ne su ƙwace zinarin da dogon, su bar mini abin da na tara da hannuna. Amsa ta zo kafin in mayar da wayar aljihu, da saurin da ya nuna ba mahaluƙin da ya karanta. Suna godiya da na tuntuɓe su, ra'ayina yana da muhimmanci a wurinsu, hukuncin ba ya canzawa. Na sake rubutawa sau biyu, amsar ɗaya ce har waƙafi. Kuɗin kuwa ba su ce uffan a kansa ba. Cinikin haramun ne a wurinsu, amma kuɗin cinikin sun riƙe.

Taubashina da ya ji, ya fara dariya, da ya ji muryata sai ya daina. Ya ce wallahi ya yi wa mutane da yawa ba a kama su ba. Ya ce zai buɗe mini sabon kont da adireshin Najeriya, in zama ɗan Najeriya a cikin waya. Na ce masa ya bar shi. Ban yi fushi da shi ba, shi abin da ya sani ya yi.

Na daina zuwa gindin shato. Alhaji ya ci gaba da bugawa, muna haɗuwa ranar kasuwa mu gaisa. Bayan damina sai ga shi a ƙofar gidana da rana tsaka, ko sallama bai gama ba ya miƙo mini waya.

"Mushe, duba mini wannan. Ko idona ne?"

Kamfanin ya shiga abin da suka kira sabuwar kaka. Ƴan wasansa masu ruwan zinari suna nan, ba a taɓa su ba, amma an fito da wasu sababbi masu ruwan lu'ulu'u da suka fi su komai. Tun safe ake cin sa. Ƙungiyar da ya zuba wa kuɗin riɗi ta koma abin da tawa ta koma ranar Larabar nan.

Na ce, "Idonka lafiya lau. Haka za su yi maka duk shekara."

Ya zagi kamfanin, ya zagi iyayen kamfanin, ya rantse ya bar wasan. Na ba shi ruwa ya sha. Da zai tafi ya tsaya a bakin ƙofa yana juya wayar a hannu, ya ce, "Amma Mushe, abin da na riga na zuba fa? In na bari yanzu ai ya tafi a banza."

Na ce masa ya riga ya tafi. Ya gyaɗa kai kamar ya yarda. Asabar ɗin da ta biyo, da na je Magariya karɓar albashi, na hango motonsa a ƙofar mai shagon katin banki.

Ni yanzu wani ƙaramin wasan ƙwallo nake bugawa wanda ba ya buƙatar rezo. Ƴan wasan kamar an sassaƙa su da gatari, kuma da na'ura kawai ake karawa, na riga na san duk dabarunta. Ba daɗi sosai, gaskiya. In wani ya ce mini ga sabon wasa, tambayata ta farko ita ce nawa ne, in ya ce kyauta sai in ce ya riƙe abinsa. Na fi son a gaya mini jaka goma a fili, in ga zan iya ko ba zan iya ba.

Watan jiya saƙo ya shigo mini daga kamfanin, a adireshin da suka rufe kont ɗinsa. Wai sun yi kewata. Wai ƙungiyata tana jirana, kuma sun tanadar mini akwatin maraba da rangwame, na kwana uku kacal. Don in tabbatar, na sauke wasan, na ƙona forfe, na sa lambobina. Farin allon nan ne ya fito, an rufe har abada.

Na zauna a ɗakin malamai na ba su amsa, wannan karon da Hausa. Ban yi gaisuwa ba. Na rubuta musu Allah ya isa, na ƙara da wasu kalmomin da bai kamata malamin makaranta ya sa a littafi ba. Nan take amsa ta dawo, suna godiya da na tuntuɓe su.